Turaren Kasuwar Kwastam: suna a Maiduguri, rajista a Abuja

A Kasuwar Kwastam da ke Maiduguri, mai sayen turaren wuta ko humra ba ya neman takarda. Hancinsa ne shaida, sai kuma sunan da ke manne a jikin kwalba. Matan Barno sun gaji wannan sana'a kaka da kakanni, kuma mai haɗa turare kan shafe shekaru kafin sunanta ya zama abin da dillalan Kano da Abuja ke nema. Sai dai a idon doka, mallakar wannan suna ba a kasuwa ake tabbatar da ita ba. Ana tabbatar da ita ne a ofishin rajistar alamomin kasuwanci, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar takardar hukumar CAC a matsayin kariya. Waccan takarda sunan kamfani ko shago ta yi wa rajista, ba tambarin da ke jikin kaya ba. Tambari yana ƙarƙashin dokar 1965 ce, wadda har yau ake aiki da ita bayan 'yan gyare-gyare, ciki har da na 2023 da ya shigar da masu sayar da hidima. Turare yana aji na 3 a rabon kayayyaki. Rajistar farko shekara 7 take yi, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14.

Inda gizo ke saƙar shi ne matakin tsakiya. Idan magatakarda ya amince da buƙata, sai a buga tambarin a mujallar ofishin, a ba duk mai ja wata 2 ya shigar da ƙorafi. Idan an yi ja, mai nema ya kare kansa a rubuce, a gabatar da hujjoji, magatakarda ya yanke hukunci, wanda bai gamsu ba ya tafi Babbar Kotun Tarayya. Tsari ne mai kyau a takarda. Amma mujallar da Turanci take fita, lauyoyi sun daɗe suna kokawa da jinkirin fitowarta, kuma da wuya mai rumfa a Kwastam ta san da ita. Wani na iya kai sunanta Abuja, wa'adin ya cika ba ta ji ba ta gani ba, wata rana sai ga wasiƙar lauya tana umartar ta daina amfani da sunan da ita ta raɗa.

Doka ba ta bar ta haka kawai ba. Wanda ya riga amfani da tambari bai daina ba, ba a hana shi ci gaba don wani ya yi rajista daga baya. Sharaɗin shi ne ya kawo shaida: rasit, tsofaffin takardun liƙi, littafin ciniki. Wannan ba ƙaramin nauyi ba ne a unguwar da ruwa ya shanye bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumban 2024.

Ko mai rajista ma sai ya lura da abin da ya rubuta. A shari'ar Ferodo da Ibeto, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2004, kamfanin birkin mota na Ingila ya yi ƙarar cewa an kwaikwayi launukan kwalinsa. Kotu ta ce sunan ne tambarinsa, adon kwali ba ya ciki. Mai turaren da ke taƙama da siffar kwalbarta ya kamata ta san da wannan.

Akwai kuma batun iyaka, wanda ma'aikatan Abuja kan manta. Daga gadar sama ta Kwastam hanya take miƙewa zuwa Dikwa da Gamborun Ngala, kaya su tsallaka Kamaru su wuce Chadi. Takardar Najeriya a bakin gadar iyaka ƙarfinta ke ƙarewa. Kamaru da Chadi da Nijar suna cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17, wadda aka kafa da yarjejeniyar Bangui ta 1977, inda rajista ɗaya a Yawunde ke game su duka. Najeriya ba ta ciki. Don haka mai turaren da kayanta suka karɓu a Kusuri ko Njamena tana buƙatar rajista ta biyu, a wani ofishi, da wani kuɗi, in ba haka ba dillalin da ke kai mata kaya na iya riga ta.