Ruwan karan dawa na rage yawan maganin ciyawar da ake fesawa

Shekaru da dama ke nan manoma a sassan duniya suka dogara ga maganin feshi wajen kashe ciyawa. To sai dai ciyawar ta fara gagarar maganin. A shekarar 1996 ne aka fara gano ciyawar da ba ta jin maganin glyphosate a ƙasar Ostareliya, kuma kawo yanzu nau'o'in ciyayi fiye da 250 ne aka tabbatar sun bijire wa wani magani ko wani.

Wannan ne ya sa masana suka mai da hankali ga sinadaran da tsirrai ke fitarwa da kansu domin hana maƙwabtansu girma. Dawa na cikin irin waɗannan tsirrai, domin saiwarta na fitar da sinadarin sorgoleone, wanda ke hana ƙananan ciyayi sarrafa hasken rana.

A Jami'ar Aikin Gona ta Faisalabad da ke Pakistan, Farfesa Zahid Ata Cheema da abokan aikinsa sun gwada jiƙa yankakken karan dawa cikin ruwa na tsawon sa'o'i 24, sannan a tace a fesa a gonar alkama. Sakamakon da suka wallafa a shekara ta 2000 ya nuna cewa ruwan shi kaɗai bai kai ga kashe rabin ciyawar ba. Amma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa idan aka gauraya shi da rabin maganin da aka saba fesawa, aikinsa kan kusanci na cikakken awo.

Amfanin hakan dai shi ne raguwar kuɗin da manomi ke kashewa, da kuma gubar da ke kwarara cikin ƙasa da ruwan sha.

A Afirka ma, cibiyar ICIPE da ke Kenya ta gano cewa shuka tsiron desmodium tsakanin kunyoyin masara na dakushe wuta-wuta, ciyawar da ke addabar manoman dawa da gero a arewacin Najeriya da Nijar.

Sai dai akwai sauran aiki. Ƙarfin sinadaran ya danganta da irin dawar da kuma yanayin ƙasa, kuma suna saurin lalacewa bayan feshi. Haka kuma, rage magani ba bisa ƙa'ida ba kan bar ciyawa mai ƙarfi ta rayu ta zuba iri, abin da ke ƙara tsananta matsalar. Don haka ya kamata manomi ya tuntuɓi malamin gona kafin ya sauya awon feshinsa.