Man Da Aka Ƙone Bai Tafi Ke Nan Ba

Kowace litar man fetur da mota ta sha takan saki kimanin kilo 2.3 na wata iska da masana ke kira iskar kabon. Ba ta da launi, ba ta da wari, shi ya sa ake zaton ɓacewa take yi. Alhali kuwa kusan rabinta kaɗai teku da itatuwa ke shanyewa. Sauran takan daɗe a sararin sama, wani sashe har ɗaruruwan shekaru.

Aikin wannan iska tamkar na bargo ne. Hasken rana kan ratsa ta ya ɗumama ƙasa, amma idan ƙasa ta mayar da zafin sama, sai ta tare wani kaso nasa. Gwargwadon kaurin bargo, gwargwadon zafi.

Tun cikin 1896 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya yi lissafin cewa ƙaruwar iskar za ta ƙara wa duniya ɗumi. Kafin Turawa su duƙufa ƙona kwal a masana'antu, yawanta wajen kashi 280 ne cikin miliyan na iskar sama. Da Ba'amurke Charles Keeling ya soma aunawa bisa dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawai cikin 1958, ya tarar da kimanin 315. Cikin 2024 kuwa ta zarce 420, kuma shekarar ta fi duk na gabaninta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, watau kusan digiri 1.5 sama da na wancan zamani. Wannan shi ne mizanin da ƙasashe suka amince a Faris cikin 2015 za su yi ƙoƙarin kada a ƙetare.

Kason Afirka cikin wannan hayaƙi bai kai huɗu bisa ɗari ba, amma zafi bai san iyakar ƙasa ba. Nijeriya ma, wadda aka tono manta a Oloibiri cikin 1956, ta shafe shekaru tana ƙona iskar gas a banza a yankin Neja Dalta.

Abin lura shi ne, rage ƙona mai jinkirta hauhawar zafin kawai yake yi. Mai zuba ruwa a tulu ko ya sassauta hannu, tulun cika zai yi ta yi har sai ya daina zubawa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.