Adana Tumatir da Taimakon Bakteriya Masu Amfani

Manoma da malaman gona na Potiskum da kewaye, kun san cewa a watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, kuma kwandon tumatirin noman rani yakan fara zubar da ruwa cikin 'yan kwanaki. Ruɓewar takan fara ne daga rauni: tsagewa, sukar tsinken kwando, ko gurbin da aka tsinke ɗan daga jikin uwar. Ta nan funfuna da miyagun ƙwayoyin cuta suke shiga.

Ba kowace bakteriya ce mai cutarwa ba. Bacillus subtilis ita ce ke nunar da kalwa ta zama daddawa, dangin Lactobacillus kuwa su ke mai da madara kindirmo. Idan irin waɗannan suka riga funfuna isa raunin, sukan mamaye gurbin, su cinye abincin da ke ciki, su kuma fitar da sinadaran da ke hana funfuna girma. A Amurka an yi wa maganin Serenade, wanda aka haɗa da Bacillus, rajista tun shekarar 2000.

Ga yadda za ku yi:

1. Ku tsinke tumatir da sanyin safiya yana fara sauya launi, ku ware wanda ya fashe ko ya ruɓe.
2. Ku sayi maganin da ke ɗauke da lambar NAFDAC, ku dama shi gwargwadon umarnin da ke jikinsa.
3. Ku yi amfani da ruwa mai tsabta marar sinadarin kulorin, domin kulorin yana kashe bakteriyar. Kada ruwan ya fi tumatirin sanyi, don kada ɗan ya tsotse shi ta gurbin tsinka.
4. Bayan tsomawa, ku shanya a inuwa har ya bushe, sannan ku jera a akwatin roba mai ramuka.

Kada ku zuba nono ko ruwan daddawa a kan tumatir, domin ƙwayoyin da ke ciki a gauraye suke, har da masu cutarwa.

Ku tuna, wannan rigakafi ne, ba ya warkar da wanda ya riga ya ruɓe. Amfaninsa yakan ƙaru idan aka haɗa da sanyi, kamar tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa. Kafin ku tsoma amfanin gona duka, ku gwada da akwati guda, ku ajiye wani da ba a tsoma ba kusa da shi, ku riƙa ƙidaya waɗanda suka ruɓe kowace safiya.