Minti Nawa Ginshiƙin Kankare Zai Jure Wa Gobara?



A watan Janairun 2021 gobara ta tashi a babbar kasuwar Sakkwato, ta cinye shaguna masu yawan gaske. Bayan wata biyu ta Katsina ma ta kama. Kafin su, a 2016, kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone. In irin wannan ta faru, dukiyar da aka rasa ake lissafawa. Su kuwa injiniyoyi akwai wata tambaya da ke damunsu: shi kansa ginin, minti nawa zai tsaya kafin ya rufto? A cikin waɗannan mintocin ne mutane ke samun fita, 'yan kwana-kwana kuma su shiga. Amsar tana wurin ginshiƙi, wanda magina ke kira fila, domin shi ke ɗauke da nauyin bene.

Za ka ji ana cewa ai siminti ba ya cin wuta. Gaskiya ne ba ya kamawa, ko na Kalambaina ne ko na Malbaza. Amma ginshiƙi ba kankare ba ne zalla, akwai rodi a cikinsa, kuma rodi ƙarfe ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yadda maƙeri ke sa ƙarfe a wuta ya yi ja, sannan ya lanƙwasa shi yadda yake so. Ba sai ya narke ba. Narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,500, amma tun a digiri 600 rodi ya rasa kusan rabin ƙarfinsa.

Abin da ke ceton rodi shi ne kankaren da ya lulluɓe shi. Zafi ba ya ratsa kankare da sauri, kamar yadda tukunyar ƙasa ke jinkirin ɗaukar zafi in ka gwada ta da ta ƙarfe. Sai dai shi ma yana da nasa rauni. Komai bushewarsa akwai sauran ruwa a ciki. In wuta ta zo da ƙarfi ruwan ya zama tururi, ya rasa hanyar fita, sai fatar ginshiƙin ta riƙa fashewa kamar gugguru, rodi ya fito fili.

To ta yaya ake sanin mintocin tun wutar ba ta zo ba? Hanya ta farko ita ce gwaji. A ɗakunan bincike na ƙasashe irin su Kanada ana gina ginshiƙi na gaske, a sa shi cikin wani babban murhu, inji ya danne shi daga sama kamar nauyin bene, a kunna wuta. Ba yadda aka ga dama ake hura wutar ba, akwai ƙa'ida mai suna ISO 834. Bayan minti 30 zafin ya kai digiri 842, bayan awa ɗaya 945, bayan awa biyu 1,049. Ana duba agogo har ginshiƙin ya gaza. Wanda ya kai awa ɗaya ana rubuta masa R60, mai awa biyu R120.

Wannan gwaji yana da tsada, kuma ba wanda zai ƙona ginshiƙin shagonsa don ya gani. Shi ya sa aka tara sakamakon gwaje-gwajen, aka fitar da lissafi da jadawali. Yanzu har kwamfuta ake ɗura wa sakamakon ta koyi yin hasashe. Ana ba ta faɗin ginshiƙin da tsayinsa, da yawan rodi, da nisan rodi daga fata, da nauyin da ke kansa, sai ta faɗi mintoci.

Ga misali daga jadawalin Turai mai suna Eurocode 2. A ce wuta ta kewaye ginshiƙi, ana so ya kai awa ɗaya. In nauyin da ke kansa kashi 20 ne cikin 100 na abin da zai iya ɗauka, faɗin milimita 200 ya isa, tsakiyar rodi kuma ta yi nisan milimita 25 daga fata. In nauyin ya kai kashi 70, sai faɗin ya zama 250, nisan kuma 46. Ku ciro rula ku auna 46, kusan tsawon tsinken ashana ne. Yawancin filolin da muke gani a gari inci 9 ne, wato wajen milimita 225, don su yi daidai da bulo. Ke nan wanda ya ƙara bene a kan ginin da ba a shirya masa ba, ko ya jibge buhunan kaya a sama, ya rage wa ginshiƙansa mintoci ko da bai taɓa su ba.

Wurin da ya fi ba ni mamaki shi ne biskit. Ba na ci ba! Wasu 'yan gutsattsarin kankare ne da ake ɗaura wa rodi kafin a zuba kankare, don kada ya jingina da katakon da kafinta ya buga. In an manta da su, rodi ya kwanta gefe ɗaya, lulluɓin can ya zama siriri. In kun ga ginshiƙi da tsatsa a jikinsa ko rodi yana leƙowa, sau da yawa abin da ya faru ke nan. A ganina babu abin da ya kai biskit arha a wurin gini, amma in babu shi lissafin injiniya ya tashi a banza, domin ita kwamfuta zanen takarda ta sani, ba ta zo ta ga aikin ba.

Mu a Illela akwai ƙari. Kowa ya san jarkokin fetur da ake ajiyewa a shaguna da bakin hanya. Wutar ISO 834 ta yi kama da ta kayan ɗaki ce, sai ta yi kusan awa ɗaya da rabi kafin ta kai digiri 1,000. Wutar mai tana da nata ma'aunin daban, kuma tana wuce 1,000 cikin minti goma. Ginshiƙi mai R60 ba zai ba ka minti 60 a gaban fetur ba.

Bayan an kashe wuta ma ba a gama ba. Injiniya yakan duba launin kankaren, domin wani iri yana komawa ja-ja in zafi ya wuce digiri 300. Yakan ƙwanƙwasa shi da guduma, in ya ji amo kamar na fanko to ciki ya rabu. Kuma zafin da fatar ta sha yana ci gaba da shiga tsakiya a hankali ko da harshen wuta ya mutu. Saboda haka ginshiƙin da ya tsaya lokacin gobara yana iya gazawa bayan awoyi, daidai lokacin da masu shago ke komawa ciki tsintar abin da ya rage.