Faifan da ke ƙirga wa inji juyinsa

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon linzamin kwamfuta, irin mai ƙwallo a ciki, ya ga wasu 'yan faya-fayai biyu masu tsaga-tsaga kamar haƙoran matsefi. Ƙaramar fitila na haskawa ta gefe guda, idon lantarki na jira a ɗaya gefen. Faifai na juyawa, haske na ɗaukewa yana dawowa, kwamfuta na ƙirgawa.

Da wannan dabara wasu masu haɗa ƙananan injunan yanka da sassaƙa a gida ke sanin inda inji ya kai. Maimakon su sayi faifai mai tsada, sai su zana layuka a kwamfuta, su buga a farar leda mai kauri wadda haske ke ratsawa. Faifai mai layi 100, idan aka sa masa ido biyu, ɗaya gaba kaɗan da ɗan'uwansa, yana ba da ƙirga 400 a juyi guda. Idon da ya riga ganin haske shi ke nuna ko gaba ake yi ko baya. In kuma faifan na jikin sandar da ke tura injin, tana matsar da shi milimita 2 a kowane juyi, to kowace ƙirga ɗaya bisa 200 na milimita ce. Daga leda!

Sai dai baƙin da firinta ke bugawa yakan yaudari ido. Ka ga layi baƙi wuluk, alhali fitilar, wadda haskenta ba ya ganuwa ga ɗan Adam, tana ratsa ƙananan kafofin da ke jikinsa. Shi ya sa wasu ke buga biyu su ɗora ɗaya kan ɗaya.

A ganina, inda aikin ya fi lalacewa shi ne cibiya. Mutum zai ɓata kwana yana ƙara yawan layuka, sannan ya huda tsakiya da ƙusa a gaggauce. Ramin ya kauce ko kaɗan, rabin juyi ƙirga za ta riƙa sauri, rabi tana jan ƙafa, abin da aka yanka ya fito a karkace. Gara layi 60 da cibiya daidai da layi 300 a kan faifai mai ɗingishi. Tun a zane a sa alamar tsakiya, a manna ledar a kan abu mai tauri, a juya sandar a hankali ana duba bakin faifan kafin gam ya bushe.

Mu da ke fama da ƙurar hunturu, sai an yi masa murfi. Ƙura ta toshe tsakanin layi biyu, ƙirga ta ɓace a kowane juyi.