Kwana Shida Daga Alƙahira Zuwa Kano

Maniyyacin da ya baro Kauru, ya kwana sansanin alhazai a Kaduna, idan jirginsa ya tashi da hantsi yana iya yin sallar la'asar a Jidda. Abin ya zama jiki, har ba ma tambayar wa ya fara keta wannan sarari.

Ranar 27 ga Oktoba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira. Ƙirar DH.9A ne, masu fiffike biyu sama da ƙasa, an haɗa su da katako da yadi, kowanne mutum biyu yake ɗauka, kawunansu a waje iska na dukansu. Jagoransu Arthur Coningham. Suka bi Kogin Nilu har Hartum, sannan suka karya yamma, ta El Obeid da El Fasher da Abeche da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, suka shigo ta Maiduguri. Ranar 1 ga Nuwamba suka sauka a filin wasan dawaki na Kano, zamanin Sarki Usman. Su ne jiragen sama na farko da suka taɓa ƙasar Najeriya. A lokacin ko layin dogon da ya ratsa Kafanchan ba a gama shimfiɗa shi ba.

Abin da ke taɓa mini zuciya shi ne garuruwan nan. Duk zangon alhazan ƙafa ne. Sa'ad da jiragen ke wucewa yamma, a ƙarƙashinsu akwai ayarin kakanninmu sun nufi gabas, da jakuna da goyo da ƙullin gero. Tafiyar da jirgi ya cinye cikin kwana shida, su shekaru take ɗaukarsu. In guzuri ya ƙare sai a yada zango, a yi noman damina ko ƙwadagon auduga a Jazira ta Sudan, a tara ɗan abin da za a kai Sawakin a tsallaka Bahar Maliya. Wani ya bar gida yana saurayi ya dawo da furfura. Da yawa ba su dawo ba. Jikokinsu na nan a Sudan suna jin Hausa, a garuruwa irin su Mai Wurno, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Coningham ya mai da jiragensa Masar lafiya, ya kuma zama babban kwamanda a yaƙin duniya na biyu. Ranar 30 ga Janairu 1948 yana cikin fasinjojin wani jirgi mai suna Star Tiger da ya ɓace a hanyarsa daga tsibiran Azores zuwa Bamuda, doguwar tafiya a kan Tekun Atilantika cikin dare. Mutum 31 ne a ciki. Har yau ba a ga ko ƙyallin jirgin ba.