Me ya sa giris ke da muhimmanci a ƙafar mota?

Motar da ke bin hanyar Jalingo zuwa Bali har Gembu tana shan ƙura da rani, laka da damina. Shi ya sa kanikawa ba sa wasa da giris wajen mayar da ƙafar mota.

Sai an wanke boris da kananzir ya bushe, sannan a danna sabon giris da tafin hannu har ya ɓullo tsakanin ƙwayoyinsa. Ba a cika mazauninsa maƙil, domin yawan giris na jawo zafi. Bol-join kuwa, da zarar robarsa ta yage, yashi zai shiga ya cinye ƙarfen. Boris ɗin da ya zo a rufe ba a sa masa giris, canza shi ake yi in ya fara gurnani.